Ni Ce Mai Niƙabin Da Ta Yi Shaida A Gaban Harami

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karantawa. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina, shawara nake nema.

Ni haifaffiyar Makka ce, iyayena ta Sudan suka shigo. A unguwar Mansur nake zaune da mijina da 'ya'yanmu, sana'ata girki, tuwo da miyar kuka da dambu, ina sayar wa alhazan da shinkafar Larabawa ta gundura. Duk wanda ya zo daga garin su mijina a Najeriya, gidanmu ne zangonsa. Kun kuma san yadda mutanen gida suke kallonmu mu mazauna nan. Da ka ce daga Makka kake magana, shi ke nan an ɗauka bakinka ba ya iya ƙarya, kamar da Zamzam aka wanke maka harshe. Da wannan yardar na cuci bawan Allah.

Bara wani malamin sakandare daga garin ya zo Umara, zan kira shi Malam Nuhu, ba sunansa ba ne. Kimiyyar halittu yake koyarwa. Mutum ne mai kunya, ko ƙarin tuwo zai nema sai ya ba da haƙuri. Wata rana yana cin abinci a falonmu, mata masu saye suna bayan labule suna jiran kulolinsu, sai babbar 'yata da ke karatun aikin jinya ta tsaya a bakin ƙofa da Hausarta mai rabi Larabci, ta ce, "Ya Ustaz, na gani a jawwal, a waya, wai mutum asalinsa biri ne. Ya'ani sahih ne?" Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, masu binciken ba su ce biri ne ya haife mu ba. Cewa suka yi mu da birai tushenmu ɗaya, da ƙasusuwan da suka tono suke kafa hujja. Ina koya wa ɗalibai abin da suka faɗa don ana tambaya a jarrabawa. Ni kuwa ɗan Annabi Adamu ne, in ba haka ba me ya kawo ni garin nan? Ki san abin da suke cewa, ki riƙe imaninki." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ina tsaye da ludayi a hannu. Ni dai raina bai so ba. Ban yarda da zancen birin nan ba, har gobe ban yarda ba, kuma da na ga yarinyar ta ci gaba da karance-karance tana yi mini tambayoyin da ba ni da amsarsu, sai na ɗora masa laifin a zuciyata.

Bana sai ga wan mijina, wanda muke kira Alhaji Babba, ya zo Umara da mai ɗaukar masa hoto. Takarar majalisar jiha yake yi, kuma ashe Malam Nuhu ne matasan garin suka tsayar ya kara da shi. Irin Umarar nan ce da kuka sani, ta gab da zaɓe, a ɗaga hannu sama a jira mai hoto ya ce ya yi. Yana cin tuwona yana mitar yadda malamin ke kwashe masa jama'a, ni kuma da tsautsayin baki na ba shi labarin hirar nan. Wallahi gulma ce kawai irin ta kan abinci. Sai na ga ya daina tauna. Ya ce, "Hajiya, ai wannan jihadi ne ya same ki har gida. Mutumin da zai hau kujera ya sa a koya wa 'ya'yanmu cewa kakansu biri ne?" Na ce, "Yaya, ba haka dai ya faɗa ba." Ya ce, "Ai duk kanwar ja ce. Ki sa niƙabi ki tsaya inda za a ga Harami a bayanki, ki faɗi abin da kika ji, a ɗauke ki bidiyo. Wa zai san ke ce?" Na dubi mijina ko zai cece ni, ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya ne, ki yi masa."

Kada in ɓoye a bayan mijina, da ƙafata na je. Na tsaya hasumiyoyin Harami a bayana, na ce ni maƙwabciyar Ɗakin Allah ce, na rantse na ji da kunnena Malam Nuhu ya ce Annabi Adamu tatsuniya ne, kakanmu biri ne. Alhaji Babba yana gefe, kansa na sheƙi da askin Umarar da ya gama da safe, yana gyara mini: "Sake, Hajiya, ki ɗan karya murya kamar za ki yi kuka." Na sake, na karya. A mota muna komawa ya tambayi mai hoton, "Wai shi karatun birin nan a wane aji ake yin sa?" Ashe ko wannan bai sani ba. Ya tuntsire da dariya yana sakace haƙori ya ce, "Ni ko jaki suka ce, in dai zai kawo ƙuri'a." Na juya na dube shi. Wannan ne mai kare addinin? Shi ne na sayar wa lahirata? To amma wa ya fi wani, shi da ya tsara ko ni da na rantse?

Abin da ya biyo baya a wayata nake ganinsa kullum. Bidiyon ya zagaye garin. Masu wa'azin da ke bayan Alhaji Babba suka ɗauka, kowa na cewa baiwar Allah daga Makka ta yi magana. Aka manna hoton Malam Nuhu da kan biri a bangon kasuwa. Makarantar da yake aiki ta dakatar da shi. Yara suna bin 'ya'yansa suna kukan biri. An jefi gidansa har aka fasa wa matarsa goshi, dole ya kwashe iyalinsa zuwa ƙauye wurin mahaifiyarsa. Ya fito ya rantse bai faɗa ba, amma wa zai saurari malamin boko a bar matar da ke tsaye a gaban Harami? Yanzu har akwai masu rubuta cewa jininsa ya halatta, kuma ba wanda ke tsawata musu.

'Yata kuwa jin farko ta gane. Ta shigo kicin da wayar a hannu ta ce, "Yumma, wannan sautinki ne." Na ce ta fita ta ba ni wuri. Ta ce, "Ina wurin, wallah ba haka ya ce ba. Ni na tambaye shi. Haram alaiki, Yumma." Tun ranar ba ta ƙara cin girkina ba, tamis da ful, wato burodi da waken Larabawa, take sayowa ta ci a ɗakinta. Ni da na yi don in tsare mata imani, yau ni ce ba ta iya kallo. Na je wa mijina da kuka na ce zan fito in faɗi gaskiya, ya ce in na buɗe baki na raba shi da ɗan'uwansa, in san inda zan nufa. Zaɓe kuma ya ƙarato.

Abin da ya sa na rubuto muku shi ne shekaranjiya Malam Nuhu ya kira ni. Ina ganin sunansa na ce asiri ya tonu. Sai ya gaishe ni da ladabin nan nasa, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, Inna ce ta matsa sai ta yi magana da ke." Ban sani ba ko ya gane ya yi shiru ne, ko matan bayan labule yake zargi. Tsohuwar ta karɓi wayar. Ta ce, "'Yar nan, ɗana ya ce ke kika ciyar da shi a Makka, Allah Ya yi miki albarka. Ba mu da kowa a can sai ke. Ni na yi masa tarbiyya, tun yana ƙarami ba ya wasa da salla. Don Allah ki je ki yi ɗawafi, ki tsaya inda ake karɓar addu'a, ki roƙi Allah Ya tona asirin matar nan mai niƙabi, Ya saka wa ɗana tun a duniya." Na ce, "To, Inna." Ta ce, "Ki ce amin mana." Na ce amin.

Tun daga lokacin na kasa doson Harami. In na ji kiran salla sai in ji ƙyamar bakina. Na san tuba ba ta cika sai na wanke shi a inda na ɓata shi, wato in cire niƙabin in faɗa da fuskata, in rasa aurena, masu yabona jiya su juyo kaina. In na yi shiru kuma wani abu ya same shi, da wace fuska zan tashi? Inna ta ce za ta sake kira ranar Juma'a ta ji ko na yi mata addu'ar.

Jama'a, don Allah, me zan yi?