Rigar da Kuka Aiko wa Kangyang a Asibiti

Zuwa ga Manajan kamfanin waƙar da 'yata Kangyang take yi wa aiki a Jos.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya, kuna kuma cin abinci. Ni ce mahaifiyar Kangyang, mai sayar da gwate a kasuwar Bukuru. Na zo ofishinka aka ce kana taro, na koma aka ce taron bai tashi ba, shi ya sa na biyo ta jarida.

Na farko. Ranar da ka ji muryarta a cikin mawaƙan cocinmu, yarinyar tana da kumatunta. Ka ce murya ta yi, sai dai kyamara tana ƙara wa mutum jiki. Ban san kyamara ba, don haka ban yi gardama ba. Daga baya na ji akwai sikeli a ƙofar ɗakin da kuke ɗaukar waƙa, kuma mata kaɗai ke hawa. Makaɗinku, wanda tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki, wucewarsa yake yi.

Na biyu. Da ta daina cin abinci, ta ce mana azumi da addu'a take yi saboda sabuwar waƙa. Muka yi murna. Fasto ya kafa misali da ita, matan zumuntar coci suka yi ta yi mini barka. Azumin ya wuce Ista, ya tarar da Kirsimeti. Yanzu ta gaya mini kai ka koya mata wannan amsa, ka ce iyaye ba sa jayayya da azumi. Lallai ka san mu.

Na uku. Da ta yanke jiki ta faɗi a gaban jama'a, kun sanar a shafinku na intanet cewa gajiya ce, kuka haɗa da hotonta, mutane suna ta yabon ƙugunta. Likita ya ce ba gajiya ba ce, ba kuma asiri ba. Cuta ce, anoreksiya, mai sa mutum tsoron abinci, kuma tana iya tsayar da zuciya. Ina jin tsoro, Ranka ya daɗe. Ni da nake ciyar da rabin kasuwa, ga ni zaune da cokali a bakin gado ina roƙon 'yar cikina, ita kuma tana hawaye tana cewa, "Mama, Oga zai gane."

Na huɗu. Ba ka zo dubiya ba, amma direbanka ya kawo riga mai ƙyalli, wai ta gwada kafin wasan ƙarshen wata.

Roƙona kaɗan ne. Ka soke wasan. Ka fitar da sikelin, masu sayar da dankali suna buƙatarsa. Sannan ka zo da ƙafarka ka ce mata ta ci, tunda maganarka take ji, ba tawa ba.

Rigar kuma ba za ta dawo ba. Jikata, 'yar yayarta da ke firamare, ta gwada, ta yi mata daidai.

Allah ya ba ka lafiya, ya raya maka 'ya'yanka mata, ya sa su riƙa cinye abin da aka zuba musu. Wassalam.

Maman Kangyang,
Bukuru.