Da muryata aka raba wa garinmu irin gyaɗar bogi

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan guruf mai albarka. Admin don Allah ka ɓoye sunana da lambata. Don girman Allah ku ba ni shawara, abin nan ya kusa wata guda yana cina, na rasa wanda zan faɗa wa a garinmu.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Roni, na yi karatun koyarwa amma aiki bai samu ba, sai na dawo gida na rungumi gona, ina da mata ɗaya da yara uku. Akwai abokina da zan kira Sabi'u, ba sunansa ba ne, tare muka taso, tare muka yi firamare, kuma ƙanwarsa nake aure, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi Allah ya ba shi aikin malamin gona. Shekara biyu da suka wuce ya zo min da maganar wani shiri na wayar da kan manoma, ya ce ana neman mutum ɗaya a kowane gari wanda ya iya karatu kuma jama'a suka yarda da shi, ya zama jagoran manoma, ya ce ni ya ba da sunana. Ba albashi a ciki, amma wallahi na ji daɗi, don na ga karatuna zai yi amfani.

Aikin shi ne, su kawo takardu masu hotuna, ni kuma in karanta in fassara wa mutane a majalisa bayan la'asar, yadda ake ba da tazara, lokacin sa taki, yadda ake adana wake ba tare da ƙwari sun ci ba. Da na ga mata ba sa fitowa majalisa, sai na fara ɗaukar bayanin da muryata a waya, ana tura wa juna, wasu a sa musu a memori su saurara suna aikin gida. Abin ya karɓu sosai, har ƙauyukan kusa da mu ana jin muryata. Shekarar farko wake bai lalace wa kowa ba cikin waɗanda suka bi bayanin, daga nan mutane suka koma ce min Malam.

Bara kafin damina Sabi'u ya ce shirin zai raba ingantaccen irin gyaɗa mai saurin nuna, ko ruwa ya ɗauke da wuri ta riga ta yi. Ya kawo manyan buhuna a bayan wata a-kori-kura, bakinsu a ɗinke da igiya, ya ce shi ya juye su wuri ɗaya don rabo ya yi sauƙi, ya miƙo min fom na sa hannu cewa na karɓa. Ban ma karanta sosai ba, don mutumin da muke cin tuwo kwano ɗaya ne. Da hannuna na auna wa mutane da tiya a ƙofar gidan mai unguwa. Na kuma yi saƙon murya mai tsawo, har da rantsuwa, na ce duk wanda ya shuka wannan iri ba zai yi da-na-sani ba in Allah ya yarda. Wasu dattawa suka ce su dai tsohon irinsu suka sani, na yi ta binsu gida-gida ina lallashi. Ni kaina gonata gaba ɗaya ita na shuka, har gayaunar mai ɗakina.

Tun tana ƙarama na ga abin da ban gane ba, wata ta miƙe tsaye, wata ta yaɗu a ƙasa, wata ta yi fure wata ko alama. Na kira Sabi'u ya ce haka take, in kwantar da hankalina. Ruwa ya ɗauke da wuri kamar yadda ake tsoro, da muka zo cira, rabin ƙwanson ba komai a ciki, sai harawa kawai muka tsira da ita. Waɗanda suka ƙi jin maganata suka shuka tsohon irinsu, su ne suka ɗan samu. Sabi'u ya ce fari ne, ƙaddara ce, ni ma na yarda, na je ina faɗa wa mutane haka. Amma abin da na gani a gari ba zan manta ba. Yanzu duk abin da ba shi da amfani sai a ce gyaɗar Malam ce. Wata rana ina isowa majalisa wani ya kunna saƙon nan nawa a waya, daidai wurin da nake rantsuwa, aka fashe da dariya. Na yi murmushi na zauna, amma tun ranar ban sake komawa ba.

To watan jiya aka kira mu bita a Kazaure, jagororin manoma na garuruwa daban-daban. Lokacin cin abinci na zauna kusa da wani bawan Allah daga wajen Gwiwa, yana ta yabon gyaɗar, wai duk da ruwa ya ɗauke musu kamar mu sun samu alheri. Na ce wace gyaɗar? Ya buɗe wayarsa ya nuna min. Gona ce kai ɗaya kamar an yi mata aski. Ya kuma nuna min hoton ranar rabo, ƙananan jakunkuna ne a liƙe, kowace da takarda a jiki, irin kuma an wanke shi da magani ya yi ja. Ya ce ai haka aka kai wa kowane gari. Wallahi abincin nan ban iya ƙarasa shi ba.

Da za mu koma Sabi'u ne ya goyo ni a babur ɗinsa. Da muka fita gari na ce ya tsaya, na tambaye shi ina jakunkunanmu. Da farko ya yi ta kame-kame, wai na garinmu ne suka zo a haka. Na ce to mu juya wurin bitar mu tambayi shugabar shirin tunda ba ta tafi ba. Nan ya ce wani babban manomi a wajen Babura ne ya matsa masa ya ba shi jakunkunan garinmu, shi kuma ya sayo gyaɗa a kasuwa ya cike gurbin, wai a tunaninsa gyaɗa gyaɗa ce, bai san ruwa zai ɗauke ba. Na ce masa har gayaunar ƙanwarka fa, har gonar marayun gidan liman. Ban ji ya ce in yafe masa ba. Abin da ya ce min shi ne, “Kai ma ka bi a hankali, sa hannunka ne a fom, kai ka auna wa mutane, muryarka ce a wayoyinsu. In ta fashe ba ni kaɗai za ta ci ba.” Wannan maganar ta fi satar yi min ciwo. Ashe tun ranar da ya miƙo min biro ya san abin da yake yi. Na ƙi hawa babur ɗin, na tsaya a bakin titi har na samu mota.

Bayan kwana uku surukata ta aiko in je. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce Sabi'u ya faɗa mata wai ina haɗa masa sharri a ofis don ina son kujerarsa. Ta ce ita ta ɗauke ni ɗa, in ji tsoron Allah kar in tozarta ta, shi ne ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu, ga ta da hawan jini. Na ce mata, “Allah ya huci zuciyarki Inna.” Da na dawo na faɗa wa mai ɗakina gaskiyar komai. Ta yi kuka sosai, ta ce ta san ba na ƙarya, amma don Allah kar in sa ta zaɓa tsakanina da ɗan uwanta. Tun daga ranar hira ta mutu a gidana, sai gaisuwa da ga abinci.

Yanzu ga inda nake. Ranar Alhamis mai zuwa mutanen shirin za su zo garinmu jin ra'ayin manoma, don sun ga rahoton garinmu ya bambanta da na sauran. Sabi'u ya turo min saƙo wai in zaɓo mutum biyar masu sauƙin kai, mu ce fari ne kuma irin bai karɓi ƙasarmu ba, magana ta wuce. In na faɗi haka, za a rubuta cewa irin nan bai dace da mu ba, ke nan an cuci garin sau biyu, ba za su taɓa ganin na gaskiyar ba. In kuma na faɗi gaskiya, aikinsa zai iya tafiya, surukata ba za ta yafe min ba, aurena ban san yadda zai kasance ba, ni ma ana iya cewa da ni aka haɗa baki, kuma ina tsoron shirin ya cire garinmu gaba ɗaya. Ba ni da shaida sai abin da ya faɗa min a bakin titi mu biyu, sai mutanen da suka ga buhunan da idonsu.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto, shekaranjiya wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta tare ni a hanyar masallaci. Bara da na ce ga sabon iri, sai ta ɗauki nata da ta gada tun wurin uwarta ta matse shi ta yi mai da ƙuli, yanzu ba ta da ko ƙwaya ɗaya ta shukawa. Na zaci zagina za ta yi. Sai ta ce, “Malam, na ji an ce baƙi za su zo. In an kawo iri bana ka sa sunana, na san bara ba laifinka ba ne, ruwa ne.” Na ce to Iya, na wuce da sauri don kar ta ga idona.

'Yan uwa me zan yi? In tashi gaban baƙi da mai unguwa in faɗi abin da na sani, ko in samu shugabar shirin ni da ita kafin ranar? Ko in fara tara manyan gidan su Sabi'u in ba shi dama ya je ya faɗa da bakinsa, in ya ƙi fa? Waɗanda suka san aikin gwamnati da na ƙungiyoyi, sa hannun nan da na yi zai iya kai ni ga hukuma? Malamai kuma ku faɗa min, in na yi shiru don in tsare aurena, haƙƙin mutanen nan yana wuyana ko ba ya wuyana? Kwana shida suka rage min. Don Allah a faɗa min gaskiya ko da ɗaci, zan karanta kowane sharhi.