Tallar shagon surukina na cikin waƙoƙinmu

Anti Rakiya, ki taimaka mini, don murna da damuwa sun haɗe mini. Ki yi haƙuri da rubutuna, da furfurata na shiga makarantar yamma.

Na tsufa a Kumasi. 'Yata Serwaa ta haifi namiji, kuma mijinta Boakye ya sa masa sunana! Ranar suna, bisa al'adarmu, ni na ɗiga wa yaron ruwa a harshe, na ɗiga lemo, na ce masa in ruwa ne ya ce ruwa, in lemo ne ya ce lemo, don ya tashi mai gaskiya. Har yau ban daina dariya ni kaɗai ba.

Ga matsalar. A da Boakye ɗan turi ne a Adum, yana zuba wa mutane waƙoƙi da finafinai a waya. Hukuma ta matsa wa 'yan turi kan satar fasaha, ya sa hannu cewa ya daina, yanzu gyaran waya yake yi. Ni kuwa ina da zaure a waya na tsofaffin abokaina, inda nake tura waƙoƙin zamaninmu da na karɓa a wurinsa tun da. Kowace waƙa tana farawa da muryarsa yana tallar shagonsa, har da lambar waya, kamar yadda 'yan turi ke yi. Ya durƙusa ya roƙe ni in rufe zauren, wai in ɗaya ta faɗa hannun hukuma za a ce bai daina ba, a rufe shagon.

Amma Opanin Acheampong, aminina, yana kwance ba ya tashi, waƙoƙin nan ne abokan hirarsa. Da na gaya masa sai ya ce wai jariri ko haƙori bai yi ba ya riga ya karɓe mini waya. Ya zan yi?

Kakan Takwara, Kumasi

Baba, barka da samun takwara, Allah Ya raya shi.

Surukinka yana da gaskiya. Kai nishaɗi kake turawa, amma sunansa ne ke yawo, kuma da shagon nan za a ciyar da jaririn. Mawaƙan ma suna da jikoki. Ka goge waƙoƙin da ke da muryarsa, ka roƙi abokanka su goge nasu yau.

Zauren kuwa kada ka rufe shi, ba shi ne ya yi laifi ba. Mutane da yawa sun koma sauraro a manhajojin da ke da izini, wasu ma kyauta ne in za ka jure talla. Ka ce Boakye ya sa muku ɗaya, ya fara da wayar Opanin. Kuma ina zargin ba waƙar kaɗai Opanin ke jira ba, jin motsinka yake so. Ran Lahadi ka je da ƙafarka, ka kai masa wanda ya karɓe maka wayar su gaisa.

Kai ka gaya wa yaron nan ya kira ruwa da sunansa, kuma wurinka zai duba ya ga yadda ake yi. Allah Ya bar ku tare, Ya ba Opanin lafiya.

Anti Rakiya