Motar Baba Ta Sake Mutuwa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali da mutanen gareji.

Tunda ka daina ɗaga wayata, ga takarda nan na saka a akwatin gaban mota, mai janwe da zai jawo motar zai kawo maka su tare. Motar Baba ta sake mutuwa. Karo na uku ke nan cikin kwana goma, kuma kowane karo daga hannunka ta fito.

Yau da safe na loda ƙanƙara zan kai wa masu kifi. Mun yi tafiyar kusan minti arba'in lafiya lau. Muna fara hawan tudun bayan gada sai ta kama shessheƙa, ina taka totur tana noƙewa, can sai ɗif. Na yi ta murza makulli har batir ya fara kasawa. Na zauna a bakin titi, rana tana dukana, ina kallon ƙanƙara tana tsiyaya ta ƙasan bodi. Masu kifi sun ce in na ƙara yi musu haka za su nemi wani.

Ka ce filta ce, ka canza. Ka ce fulogi ne, ka canza. Ka ce ka wanke nozul na injekta. To yanzu saura me, kujera? In aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa min, Yaya, ba abin kunya ba ne.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Auta

Auta,

Wa'alaikumus salam. Lafiya muke, ban da ciwon kan da ka aiko min a bayan janwe.

Shekara ashirin da biyu ina kwance ƙarƙashin motoci, tun kana yawo ba wando. Yau kai ne mai tambayata ko aiki ya fi ƙarfina?

Bari ka ji abin da na yi, tunda ka zama ubangidana. Ana sauke ta na fara da abin da Baba ya koya min kafin a taɓa sifana: na buɗe tanki na sunsuna man, ko akwai ruwa ko gauraye. Man lafiyayye ne. Na rufe, na murza makulli sau ɗaya, ta tashi. Sau ɗaya tak, a gaban mai walda da mai faci, har suna tambayata ko direban ne yake bukatar gyara. Na zaga unguwa da ita sau biyu, ko tari ba ta yi ba. Duk da haka na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, na duba fiyus, na cire famfon mai na sa sabo don kawai bakinka ya huta.

Motar da take tashi a hannun kowa amma take mutuwa a hannunka, ba ita ce mai laifi ba. Waya kuwa, ba zan iya riƙe ta da sifana da rashin kunyarka lokaci guda ba.

Allah ya shirye ka.
Yayanka

Yaya,

Na gaishe ka don Inna ta hore mu da gaisuwa, ba don raina ya so ba.

Jiya ta mutu. Wannan karon ko tudun ba mu kai ba. Awa biyu ina tsaye kafin ta yarda ta tashi da ƙyar, tana karkarwa. Na isa wurin masu kifi da rabin lodi ruwa. Babbansu bai ko zage ni ba, kallona kawai ya yi, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Wani bakanike da ya tsaya taimakona ya leƙa, ya ce famfon da ake fitowa da shi a irin wannan motar yanzu ko da fitila ba a samunsa. To ina wanda ka cire? Ina sauran abubuwan da kake ta cirewa? Sai yanzu na gane. Tun ranar da Inna ta miƙa min makullin nan ba kai ba, abin yake cin ka. Kana kwashe kayan Baba ɗaya bayan ɗaya kana lafta min jabu, in motar ta ƙare a ce Auta ne ya kashe ta. Sunan wannan sata, kuma haka na faɗa wa Inna.

Motar tana ƙofar gidanta. Kada ka ƙara taɓa min ita.

Wassalam.
Auta

Zuwa gare ku ku biyu,

Ina gaishe ku, in har gaisuwar uwa tana shiga kunnuwanku. Malamar makarantar da ke maƙwabtaka da ni ce take rubuta min, kwafi biyu, kowa da nasa, kuma na ce kada ta gyara ko kalma ɗaya.

Ƙato da ƙato, masu gemu, kun zauna kuna aika wa juna takardu kamar masu shari'a. Ɗaya ya ce ɗan'uwansa ɓarawo ne, ɗaya ya ce ɗan'uwansa bai iya tuƙi ba. Da motar nan mahaifinku ya ciyar da ku har kuka yi bakin zagin juna. Ban haife ku don ƙarfe ya raba min ku ba.

Na yi magana da mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ranar Asabar da hantsi zai zo ya ja ta, ya yanka, ya auna. Zan haɗa masa da duk tarkacenta da ke ɗakina, da jak ɗin da tayar da ta fashe, har da tsohon murfin tankin nan da mahaifinku ya ƙarar min da allurai a kansa. Duk ƙarshen mako sai ya zauna a dakali yana tsokacin wata 'yar huda a jikinsa yana hurawa, in na yi magana ya ce in bar shi, mota ma tana numfashi. Na ajiye shi ne don tunawa da shi. Yanzu ganinsa ma ɓata min rai yake.

Kada wanda ya zo min da roƙo.
Innarku

Auta,

Sallama.

Na karanta takardar Inna sau uku, maganar Baba ta numfashin mota ta tsaya min a rai, sannan na rufe gareji na tafi wurinta. Da ƙyar ta ba ni makulli. Wannan karon ban buɗe tanki ba, na kama hanyarka kai tsaye. Ina tsallake gada na fara hawan tudu ta kama shessheƙa, can ta mutu, daidai yadda ka faɗa. Na sauka na murza murfin tanki. Auta, sai da ya ja iska fuuu, kamar wanda aka daɗe da shaƙe wa wuya. Na koma na murza makulli, ta tashi.

Murfin ne. Mai makullin nan mai sheƙi da na saya maka kyauta ranar da ka karɓi motar, don kada a zuƙe maka mai. Ba shi da hudar iska. Famfo yana jan mai, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har tankin ya riƙe man ya hana shi fita. Ni kuma duk ranar da aka kawo ta, da hannuna nake buɗewa in sunsuna, in warkar da ita ban sani ba. Ƙarar injin mai walda ba ta taɓa barina na ji wannan iskar ba. Na karɓo murfin Baba a wurin Inna na mayar, na hau tudun na sauko sau huɗu.

Laifin motar nawa ne, da ƙanƙararka, da dariyar da na sa aka yi maka. Na ɗauka duka. Inna ta yarda ta ɗaga mana ƙafa, ta dakatar da mai ƙarafa zuwa ka yi lodi ɗaya.

Amma ka duba bayan kujera. Akwai buhu. Famfon Baba yana ciki, na wanke shi na naɗe a tsumma, da fulogi da filta da duk ƙusar da na taɓa cirewa. Ban iya zubar da abin da hannunsa ya taɓa ba, shi ya sa nake ajiyewa. Ka ƙirga su da kyau. Ka kira ni ɓarawo a gaban uwar da ta haife mu, kuma wannan ba ni da sifanar da za ta kwance shi.

Allah ya kiyaye hanya.
Bakanike

Yaya,

Barka da aiki.

Ta kai ni ta dawo da ni, ƙanƙara ko gefe ba ta narke ba. Inna ta sallami mai ƙarafa.

Buhun ban ƙirga ba. Na buɗe, na ga tsumman da ka naɗe famfon da shi tsohuwar rigar aikin Baba ce, na kasa ci gaba.

Ka sa hannu da Bakanike. Ni ba bakanike nake nema ba. Wannan takardar mai faci zai miƙo maka, don ina tsaye a ƙofar gareji, kuma Inna tana zaune a gaban mota. A gabanta na kira ka ɓarawo, a gabanta zan janye. Ka fito, ko da zagina za ka yi.

Ƙaninka, Auta