Tsumagiya a Takalmin Ilinca

Trieste, 15 ga Disamba

Mama,

Yau kwana tara jikarki Ilinca ba ta karɓi wayata ba. Ina gaishe ki. Ya ƙafar? Ya tarin Baba? Ni lafiya lau. Bayana yana ɗan ciwo in na ɗaga tsohuwar da nake jinya, amma ba wani abu ba ne.

Malamar Ilinca ta rubuto mini. Ranar Waliyyi Nikolai yara sun tarar da alawa a takalmansu, ita kuwa tsumagiyar da kika sa mata ta tarar, saboda ta ciji Dorin, ɗan ajinsu. Na san al'ada ce, a ce wa yara Waliyyi ne ke sa wa masu kirki alawa, masu rashin ji kuma tsumagiya, ni ma kin taɓa sa mini. Amma ni da na waiwaya kina nan a ɗakin girki. Ita cewa ta yi wa malamar, "Har Waliyyi ya san ba ni da kirki, shi ya sa Mama ta tafi."

Na tambayi dalilin cizon. Dorin ne ya ce mata, "Ke uwarki kwali ce, a mota ake kawo ta daga Italiya!" Kwalayen kayan da nake aiko muku yake nufi.

Ba faɗa nake ba, Mama. Ki hana ta cizo, ki sa ta ba shi haƙuri. Amma ki riƙa gaya mata aiki ne ya kawo ni nan, ba halinta ba, ko da ta toshe kunne. Allah ya saka miki da alheri.

Na nemi hutun mako guda da Kirsimeti. Kada ki gaya wa Ilinca tukuna, don ɗiyar tsohuwar da nake jinya ta ce sai Alhamis za ta ba ni amsa.

'Yarki,
Otilia