Irin Baba da Na Tasa Daga Barci

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Baba? Allah Ya ƙara sauƙi.

Kin tuna kwalbar irin da Baba ya ba ni, na waken dajin nan mai shuɗin fure da yake tsinta a gindin dutse? Masu fasa dutse sun cinye wurin, ko tushe ɗaya bai rage ba. A iya saninmu, abin da ke kwalbar nan shi ke nan. Da zai ba ni, ya ce in watsa kaɗan in ƙyale shi da halinsa, domin ba ya fitowa gaba ɗaya: wani bana, wani baɗi, wani sai shekara ta uku. Wai ya saba da inda ruwan sama ba shi da alkawari.

To, kin san ni da rawar kai. Shekara shida ina aiki a gandun renon tsirrai, a ce in shuka ɗari, goma kawai su fito? A wurinmu iri mai taurin ɓawo ruwan zafi muke jiƙa shi da shi. Haka na yi wa kwalbar duka. Kaɗan suka ƙi kumbura, na tsame su na watsa a wani kofi, matattun banza. Sauran na shuka a filin bayan gandu da ruwan farko. Yaya, ki ga fitowa! Kore shar. Kada ki gaya wa Baba tukuna, furen nake so in kawo masa.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarki ta iso, na ji daɗi da Baba ya fara takawa.

Ni dai ba lafiya ba. Yau kwana goma sha tara ko ɗigo ba a yi ba. Rijiyar gandu ta ja baya, shugabanmu ya hana a kai ruwa filin baya, ya ce dashen mutane ne a gaba. Ruwan wankana na riƙa kai wa tsiron waken a bokiti, amma ina! Jiya na ƙarshensu suka kwanta. Na durƙusa ina tona ƙasa da yatsa, ko zan sami ƙwaya ɗaya da ba ta tsiro ba. Babu, Yaya. Da na bar su, kaɗan ne za su mutu, sauran su jira ruwan gaske. Ni na tashe su duka na miƙa wa rana.

Na tuna da kofin nan, na ruga ɗakin ajiya, ba ya kan kanta. Mai shara ta ce ba ta gani ba. Kin ce kullum Baba sai ya tambayi wakensa. Wallahi tsoro nake ji. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Auta

Yayata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ku. Ina gaida kowa da kowa.

Na sami kofin. Ya faɗa bayan buhunan taki, sai da na ja buhu takwas ni kaɗai. Ƙwaya arba'in da ɗaya, na ƙirga sau uku. Waɗanda na zaga da matattu, ashe su ne ba su biye mini ba.

Da ruwa ya dawo na shuka goma a bushe, yadda Baba ya ce. Mako biyu ina zarya ba komai, har na fara fid da rai. Shekaranjiya biyu suka leƙo. Abokan aikina suna ta yi mini dariya, wai biyu cikin goma nake wa kukan murna.

Ki zauna kusa da Baba ki karanta masa wasiƙun nan uku, kada ki tsallake ko layi ɗaya. Ki roƙa mini gafararsa. Ki ce masa takwas suna ƙasa suna barci, kuma ko shekara nawa za su yi, ba zan tashe su ba.

Ƙanwarki,
Auta