Takobin Baba Anton da Kofin Iliya

Zuwa ga ƙanena Iliya,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu. Bayan gaisuwa, ni ce yayarka Rifkatu, daga Upper Marlboro, nan Amurka. Ba zan tambayi lafiyarka ba, don ni na wanke gawarka, na san yadda aka bar ka. Shekara goma sha shida ke nan ban kira sunanka da bakina ba. 'Yan matana biyu da na haifa a nan, abin da suka sani shi ne ni kaɗai Mama ta haifa. Ni na faɗa musu haka, ko in-ina ban yi ba.

Wani tsoho ne ya sa na ɗauki biro yau. Bajamushe ne, Baba Anton nake ce masa. A aikin banki ya ƙare ƙuruciyarsa, aikin ne ya kawo shi Washington, da ya yi ritaya ya zauna a Annandale. Da ƙafa ta gaza, 'yarsa ta ɗauke ni in riƙa jinyarsa a gida. Tsarinsa har haushi yake ba mutum. In na makara da minti biyu, zan same shi yana kallon agogo kamar na yi sata. Amma ba ya kai loma baki sai ya yi alamar gicciye, kuma ni nake tura shi a keken guragu zuwa coci ranar Lahadi.

A sati na biyu na shiga ɗakin karatunsa. A bango ga wata 'yar hula, ga siririn ƙyalle mai launi uku irin na ratayawa a ƙirji, ga hoton samari sun jeru da kofunan giya. A ƙarƙashinsu kuma takobi. Ya ce kayan ƙungiyarsu ne ta ɗalibai tun yana jami'a, kuma wanda ya shiga, ya shiga ke nan har mutuwa. Iliya, ka san a bakin wa na fara jin wannan maganar.

Da ya ga na ƙura ido, sai ya ɗauka sha'awa ce. Ya dafa tebur ya miƙe, ya sauko da takobin ya zare. Ban san lokacin da na ɗauki tiren abincinsa na maka masa a hannu ba. Takobin ya yi gefe, tsohon ya kife, goshinsa ya daki bakin tebur. Jini ya ɓalle ya rufe masa ido, ya gangaro cikin farin gashin bakinsa. Ni nas, da lasisina, na fasa wa ɗan shekara tamanin da bakwai kai, ina tsaye a kansa ina haki.

Ba shi na gani ba a lokacin, kai na gani. Ranar da ka zo ɗakina a makarantar koyon jinya da rana tsaka, riga a yage, leɓe a fashe. Ka ce ka faɗa wa 'yan ƙungiyar asirinku za ka fita, suna nemanka, in ɓoye ka ko na kwana ɗaya ne. Ni kuwa na riga na ji yadda kuka sare wa wani ɗalibi yatsu, kuma an ce kana wurin. Na ce maka ba ni da ƙane ɗan ƙungiyar asiri. Na tura ƙofa, ka sa ƙafa, na ci gaba da turawa har ka janye. "Yaya, ni ne fa," ka ce. Na murza makulli.

Kafin ƙarfe huɗu suka cim maka a tashar mota. Masu sayar da lemo sun ce su biyar ne, da gatari da adda, kuma ka yi ta kare kanka da hannu har hannun ya tashi daga aiki. Sara goma sha ɗaya na ƙirga a ɗakin ajiye gawa. Fada, limamin cocinmu, ya yi maka addu'a a gurguje, mutane suna ta raɗa, ni ko bakin kabarin ban tsaya ba. Kunya ta fi baƙin ciki ƙarfi a raina a ranar, gaskiyar ke nan.

Na durƙusa na danne wa Baba Anton goshi, na san aikina ya ƙare. Da 'yarsa ta iso asibiti, sai ya ce mata santsi ne ya kwashe shi. Bayan mun dawo gida ya miƙo min takobin, ya ce in shafa bakinsa. Dakusasshe ne, ko tumatir ba zai yanka ba. Ya ce a ƙasarsu akwai ƙungiyoyin ɗalibai masu saran juna a fuska don a ce su maza ne, amma tasu ta 'yan Katolika ta haramta hakan. An kira su matsorata, an taɓa fasa masa kwalba a ka saboda wannan hular, bai rama ba. Takobin na ado ne, sai biki ko jana'iza ake fito da shi. Daga nan ya tambaye ni wa aka sare min. Na faɗa masa komai, sunanka kaɗai ya maƙale.

Bai ba ni haƙuri ba, shi ba ya irin wannan. Cewa ya yi yaron da aka kashe don ya ce zai fita, ai ya fita. Duk shekarun nan ban taɓa kallon abin ta nan ba.

Watan jiya ya rasu. Tsofaffi uku suka zo daga Jamus da hulunansu, ɗaya yana dogara sanda. Suka ɗora hularsa da ƙyallensa a kan akwatin. Bayan an binne shi, aka cika kofin giya aka ajiye a gaban kujerar da ba kowa. Babbansu ya miƙe ya kira sunansa cikakke, ya shanye, ya buga kofin da ƙasa ya tarwatse, don kada wani ya ƙara sha da shi. Ƙarar ta shige ni har haƙori. Mutanen da ba uwa ɗaya ba sun haye teku don su kira sunan ɗan'uwansu. Kai kuwa, wadda kuka sha nono ɗaya ta hana ka ɗakinta, ta kuma hana ka bakinta.

Da na koma gida na zaunar da 'yan matan nawa, Hannatu da Laraba, a kicin. Na cika kofi da kunun zaƙi, irin mai citta da yawa da kake so, na ajiye a gaban kujera. Na ce musu ƙarya na yi, suna da kawu. Sai da na gwada sau uku kafin sunanka ya fito daga bakina. Na ba su labarin duka, har da ƙofar. Laraba ta gwada shi da harshenta na 'yan Amurka, "Kawu Iliya," na shanye kunun ina kuka.

Ban fasa kofin ba. An fasa maka abin da ya isa. Na wanke shi na ajiye a sama, naka ne.

Ubangiji ya gafarta maka abin da hannunka ya yi, ya gafarta min abin da nawa ya yi, ya ba ka hutawa ta har abada. In ka haɗu da wani tsoho mai tabo a goshi yana duba agogo, ka gaishe shi, aikina ne. Amin.

Ni ce fa,
Yayarka Rifkatu